Alkawarin da Hankaka Ya Karɓa

Matakala arba'in da ɗaya ce daga bakin titi zuwa ƙofar Kusum Dhongade, sai wasu goma sha huɗu daga ƙofar zuwa rufin bene. Duk wanda ya tashi a layinmu na Panchavati, a birnin Nashik, ya san ƙofar nan, domin kusan rabin mutanen layin a hannun matar suka yi kukansu na farko. Shekara talatin da takwas ta yi tana aikin ungozoma a wani ƙaramin asibitin haihuwa mai gado tara, ta karɓi haihuwa dubu huɗu da ɗari da goma sha biyu. Ba ƙiyasi ba ne wannan. Littafi shida gare ta masu baƙin bango, kowane jariri da layinsa: rana, awa, nauyi, da ko ya yi kuka nan take ko sai da aka ɗan mare shi.

Yanzu shekararta sittin da shida, gwiwa ta fara ƙi, amma har yau a ɗakunanta biyu take zaune, ita ke dafa nata, ita ke biyan haya. Abu ɗaya take yi da ke ba baƙo mamaki. Kowace shekara, a kwanaki goma sha biyar na magabata, lokacin da kowane gida ke hawa rufi da abinci a ganyen ayaba don hankaki su ci a madadin matattunsa, mutane tsayawa suke sai sun ga hankaka ya sa baki, sannan su sauko da sanyin zuciya. Kusum kuwa da ta ajiye ganyenta sai ta juya baya ta sauko. Ba ta waiwayawa.

An haife ta a wani ƙauye kusa da Sinnar, ta biyar cikin 'ya'ya bakwai na wani manomin albasa. Ita kaɗai a gidan ta wuce aji bakwai. Tana da shekara ashirin aka aurar da ita ga Digambar, makanikin injin ban-ruwa a wata masana'anta da ke bayan gari, kuma shi ya biya mata kuɗin koyon aikin ungozoma, rupi ɗari uku da sittin, daga albashinsa na wata biyu. Shekara talatin da bakwai suka yi tare ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba. A gaban mutane baban Mrunal ne. In su biyu ne, sai ta ce "ka ji" kawai, ya san da shi ake. 'Ya ɗaya suka samu, Mrunal ɗin nan, wadda ta yi aure a Jalgaon, tafiyar awa huɗu a jirgin ƙasa.

Digambar mutum ne mai shiru, hannunsa ya fi bakinsa aiki. Ciwo ɗaya gare shi. Tun suna da sauran ƙarfi, shi da wani abokin aikinsa, Nivrutti, suka zuba rupi dubu ashirin-ashirin a hannun jarin wani kamfanin siminti. Ba a yi damina biyu ba farashin ya karye zuwa rabi. Digambar ya kasa cin abinci, ya je ya sayar, ya dawo gida da dubu goma. Nivrutti kuwa ya jefa takardarsa a ƙasan akwati ya manta da ita. Bayan shekara goma sha biyu, da ribar takardar nan Nivrutti ya aza harsashin bene a kan hanyar masana'anta, inda Digambar ke wucewa a keke sau biyu kullum. Taga goma sha ɗaya benen ke da su. Digambar ya ƙirga su, ya sake ƙirgawa, har ƙarshen ransa in ya ga wani yana gaggawa da firgici, ko a kan sayar da akuya ne, sai ya ce masa tsoro ya taɓa ci masa taga goma sha ɗaya.

Da ya yi ritaya a 2004 aka ba shi kuɗin sallama, rupi dubu ɗari huɗu. Bai sayi zinari ba, bai sayi fili ba. Ya buɗe wa Kusum asusun fansho a wani kamfanin inshora, da sunanta, a kan cewa asusun zai nuna, wato wa'adinsa ya cika, a watan da za ta cika sittin, Afrilun 2009, daga nan kamfanin ya riƙa biyan ta kowane wata har ƙarshen ranta, gwargwadon abin da aka tarar a ciki ranar. Tukwane uku ne a asusun, mai shi ke zaɓar inda kuɗinsa za su zauna: ta hannun jari, ta takardun bashin gwamnati, da ta ajiyar gajeren lokaci. Digambar ya juye duka a ta hannun jari. Kowace safiya da ƙarfe bakwai, da kofin shayinsa, sai ya buɗe shafi na tara na jarida ya bi farashin da ɗan yatsa. Ranar da ya faɗi a tashar bas, a watan Agustan 2006, zuciyarsa ta tsaya kafin a kai shi asibiti, dubu ɗari huɗun nan sun zama dubu ɗari bakwai da hamsin.

A rana ta goma bayan rasuwar aka sauka bakin kogin Godavari kamar yadda ake yi. Guruji, mai jagorantar addu'a, ya jera curin shinkafa a kan ganye a matakala ta ƙasa, mutum talatin da huɗu suka ja baya suka tsaya. Kowa ya san ƙa'idar: in hankaka ya taɓa curin, mamaci ya tafi ba abin da ya riƙe shi. In ya ƙi, akwai abin da ke ransa, sai 'yan uwa su yi ta ɗaukar masa alkawari har a dace da shi. In an gaji ba a dace ba, Guruji ya murɗa hankaka da ciyawa ya taɓa curin da shi, a watse da kunya.

Hankaka ashirin da uku ne a kan wayar lantarki ranar. Kusum ta ƙirga su. Curin wasu iyalai biyu da ke gefe suka wawashe cikin ƙiftawar ido, na Digambar ko kallo bai ishe su ba. Minti goma, minti ashirin. Sopan, ƙanin marigayin, mai shagon gyaran keke kuma mai bakin da ba ya hutawa, ya matsa gaba ya haɗa hannu ya yi alkawarin zai kula da matar yayansa. Hankaki ba su motsa ba. Wani tsoho a baya ya ce a hankali, ai tun Digambar na da rai bai taɓa yarda da alkawarin Sopan ba, balle yanzu da yake ganin komai. Wasu suka danne dariya. Mrunal ta yi alkawarin za ta riƙa zuwa duk wata. Mijinta ya yi alkawarin in suka haifi namiji sunan marigayin zai ci. Hankaki suka ci gaba da gyara fikafikansu.

A minti na hamsin da biyar Guruji ya miƙa hannu ya zaro ciyawa ya fara murɗawa. Sopan ya sunkuyo kusa da kunnen Kusum, wadda yake kira Vahini, wato matar yaya.

"Vahini, kin san abin da ke ran mutumin nan. Shafi na tara ne."

Ta matsa gaba, ta durƙusa, ta yi magana a fili yadda kowa ya ji. "Ka ji. Kuɗin nan, inda ka ajiye su nan za su zauna. Ba zan motsa su don tsoro ba."

Ba ta ɗago kai ba sai ta ji iskar fikafikai a gefen fuskarta. Hankaka ɗaya, mai farin gashi guda a fiffiken hagu, ya dira ya fasa curin da baki, sauran suka biyo shi. Mutum talatin da huɗu suka gani.

Shekara ɗaya da rabi alkawarin bai yi mata nauyi ba, domin kuɗin hawa kawai suke. A Janairun 2008 takardar kamfani ta nuna miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Sopan ya riƙa yawo a layi yana cewa yayansa ya fi iya kasuwanci a lahira fiye da yadda ya iya a duniya. Daga nan kasuwa ta juya. Wata-wata tana sauka, ta ɗan ɗago, ta sake sauka fiye da da. Kusum ba ta soke jaridar ba tun rasuwar, sai ga shi ita ce yanzu ke buɗe shafi na tara da ƙarfe bakwai.

Ta zauna ta yi lissafinta kamar yadda take auna jariri. Haya dubu biyu. Abinci dubu ɗaya da ɗari huɗu. Maganin gwiwa da na hawan jini ɗari shida. Wuta da gas ɗari huɗu. Kuɗin jirgi zuwa Jalgaon da 'yar tsarabar jika ɗari biyu. Dubu huɗu da ɗari shida ke nan a wata. A yadda kamfanin ke biya, sai an tarar da dubu ɗari bakwai da casa'in a asusun kafin wannan ya fito. Ta rubuta adadin a bangon littafinta na shida, ta ja masa layi biyu. Sama da layin nan, ɗakunanta ne da tukunyarta. Ƙasa da shi, gidan suruki ne a Jalgaon. Mahaifiyarta, har ta mutu, ko ruwa ba ta taɓa sha a gidan 'yarta mai aure ba tare da ta ajiye kwabo a gefen kofin ba. Kusum ba ta kai haka tsanani ba, takan ci ta sha in ta je. Amma ta kwashe kayanta ta tare a ɗakin da uwar mijin 'yarta ke ajiye buhunan alkama, ta riƙa jiran a ce mata ga abinci, wannan ko a tunani ba ya shiga mata.

A tsakiyar Satumba, ranar da kwanakin magabata suka kama, labari ya zo cewa wani babban banki ya rushe a can Amurka. Asusun ya nuna dubu ɗari tara da biyar. Da aka tashi aiki ta hau keken haya zuwa ofishin kamfanin. Matar da ke bayan kantar ofishin, Vaishali Pagare, ita ce jaririya ta ɗari biyar da talatin da takwas a littafi na farko. Mavshi take kiran Kusum, wato inna.

"Mavshi, zauna mana. Ke kika fara ganina a duniya, yau bari in gaya miki abin da ni nake gani."

"Kilo biyu da giram ɗari shida," in ji Kusum, "kuma kika yi mini fitsari a hannu. Faɗi."

Vaishali ta juyo da takardar ta yi mata bayani da bayan biro. Tukunyar hannun jari ta mai lokaci ce. Wanda ke da shekara goma a gaba yana iya barinta ta faɗi ta tashi, in dai bai leƙa kullum ba. Wadda ke da wata bakwai kuwa, in ranar nunar asusun ta riske ta kasuwa na ƙasa, da wannan ƙasan za a yi mata lissafin sauran rayuwarta. Tukunyar bashin gwamnati ba ta tafasa, ribarta kaɗan ce, amma ba ta saba ƙonewa ba. Ta kuma gaya mata gaskiya: ba wanda ya san gobe a ofishin nan, har da manaja mai waya biyu. In ta sauya yau kasuwa ta tashi jibi, to ta tashi ba da ita ba. Fom ɗaya ne, sa hannu ɗaya, kuma duk fom ɗin da ya shigo kafin ƙarfe uku da farashin yammacin ranar ake yi masa lissafi.

Kusum ta ba ta labarin bakin kogi. Vaishali ba ta yi dariya ba, don ita ma ta taɓa tsayuwar awa guda a matakalar nan saboda mahaifinta. Ta ce to ko rabi ne a sauya.

"Hankakan bai ci rabin curi ba," in ji Kusum.

Duk da haka ta karɓi fom ɗin, ta ninke shi huɗu, ta sa shi ƙarƙashin hoton Digambar, inda take canza masa furanni kowace Alhamis.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta son tuna su. Famfon kicin, wanda shi ne abu na ƙarshe da Digambar ya gyara a gidan, ya fara ɗiga, ɗigo ashirin da shida a minti. Sau biyu ta dawo daga aiki ta tarar da fom ɗin a ƙasa, a tsakiyar ɗaki. Ta san iskar fanka ce, ta sani sarai, amma a karo na biyu ta daɗe a tsaye kafin ta sunkuya. Sannan da ƙarfe bakwai na safe, daidai lokacin da take buɗe jarida, wani hankaka ya riƙa sauka a kan ƙarfen taga. Ba ya kuka, ba ya neman abinci. Kullum gefensa na dama yake ba ta, ta kasa ganin fiffiken hagun, ta kuma kasa tashi ta zagaya ta duba.

Sopan ya ji labarin fom ɗin daga matarsa, ya hau matakala arba'in da ɗaya yana haki. Ya ce ba a sa hannu a takarda a kwanakin magabata, wannan ko yaro ya sani. Ya ce ban da haka ma, wanda aka sallama da alkawari, in aka karya alkawarin dawowa yake, ya rasa gaba ya rasa baya. Ba don kuɗi yake magana ba, ko rupi ɗaya ba shi da shi a ciki. Idonsa ya kawo ruwa da yake faɗa.

"Vahini, mutumin nan sau ɗaya ya ji tsoro a rayuwarsa, bai yafe wa kansa ba har ya mutu. Yanzu ke za ki sake ji masa?"

"Bhauji, shayinka na hucewa," in ji Kusum, da sunan da ake kiran ƙanin miji.

"Ni ai na san ba a jin maganata a gidan nan. Hankaka ma ya ƙi ji."

Mrunal ta bugo waya ta ce a bar kuɗin su yi abin da za su yi, ɗaki na nan, Aai, wato mama, ta zo kawai. Kusum ta tambaye ta ko jikanta ya daina tari.

Ranar ƙarshe ta magabata ta ɗauki hutun rabin yini. Ta dafa abin da ya fi so: shinkafa da madara da sukari, ƙosan wake guda biyar, kabewa da ɗan yaji. Ta hau matakala goma sha huɗu da tsakar rana. Gida bakwai na benen sun riga sun jera ganyensu a kan katanga. Ta ajiye nata a ƙarshe, ta ja baya, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ka ji. Ni ce. Dubu ɗari takwas da arba'in da biyu suka rage, layina kuwa ɗari bakwai da casa'in. Wata shida da 'yan kwanaki gare ni. In ka sake ni, ka ci."

Hankaki suka zo, goma sha ɗaya. Suka cinye ganye bakwai, suka yi faɗa a kan na maƙwabtanta, gidan Jadhav, har ya faɗo ƙasa. Ɗaya ya taka katanga har kusa da nata, ya karkata kai ya dubi ƙosan, ya tashi. Maƙwabta suka sauka ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya dube ta. Minti arba'in ta tsaya a rana, madarar ta fara tsami, ƙudaje suka taru.

Kashegari da wanshekare kasuwa ta ɗago, asusun ya koma dubu ɗari takwas da saba'in da uku. Sopan ya tsaya a bakin titi ya ɗaga mata jarida sama yana kaɗawa, ba sai ya yi magana ba. Ranar Juma'a aka sake zamewa, ɗari takwas da talatin da takwas.

Ran Litinin, shida ga Oktoba, wata yarinya mai cikin fari ta shigo da naƙuda tun da hantsi. A asibitin nan an san Kusum da haƙuri. Ba ta son wuƙar tiyata, sau da yawa ita ke roƙon likita ya ƙara wa mace awa guda, kuma sau da yawa awar nan ta isa. Uwar mijin yarinyar ta san haka, ta riƙe mata hannu tana cewa a danginsu ba a taɓa yanka mace ba, a jira. Kusum ta jira. Duk minti goma sha biyar tana ɗora ƙahon sauraro a cikin, idonta a kan agogo. Bugun zuciyar jaririn ɗari da arba'in. Can ɗari da ashirin da biyu. Da ƙarfe ɗaya da kwata ta ƙirga casa'in da shida. Ba ta sake tambayar kowa ba, ta zare hannunta daga na tsohuwar ta kira likita. An ciro yaron da cibiya naɗe a wuya sau biyu, shuɗi, sai da ta yi ta murza masa baya kafin ya yi kuka. Jariri na dubu huɗu da hamsin da takwas.

Tana wanke hannu rediyon mai gadi ya ce kasuwa na zubewa tun safe. Agogon bango ya nuna biyu da minti biyar. Ta tsaya da sabulu a hannu. Shekara talatin da bakwai tana jira tare da mata, ba ta taɓa ɗaukar jira a matsayin alkawari ba. Tana jira ne da ƙaho a kunne da adadi a kai, in adadin ya zo ta daina. Digambar ya rasa tagoginsa ne don ya sayar yana da shekara goma sha biyu a gaba. Ita wata shida gare ta. Ko da hakan, ba ta ji an sake ta ba. Ta dai san adadinta ya zo.

Keken haya zuwa gida, rupi goma sha biyar. Matakala arba'in da ɗaya. Ta ɗaga hoton da hannu biyu, ta zaro fom ɗin ba tare da ta dubi fuskarsa ba. Wani keken, rupi ashirin. Ta shiga ofishin da uku saura minti goma sha tara, ta tarar da mutum tara a layi, kowa da irin takardarta. Vaishali ta hango ta, ta miƙo hannu ta saman kantar, ta ce wa mutanen a hannun matar nan aka haife ta, duk mai ƙorafi ya kai wa uwarta. Kusum ta cika akwatin da aka nuna mata: duka, zuwa tukunyar bashin gwamnati. Sai wurin sa hannu. Matar aure a nan cikakken sunanta uku ne, nata, na mijinta, na gidansu. Ta rubuta Kusum. Biron ya tsaya. Sunan da bakinta bai taɓa kamawa ba ne ke biye, kuma babu hanyar kai wa na ukun sai ta kansa. Ta rubuta shi harafi-harafi, kamar mai jan hannun wanda ba ya so. Hatimi ya sauka da uku saura minti shida.

Farashin yammacin ranar ya ba ta dubu ɗari bakwai da tamanin da shida. Dubu huɗu ƙasa da layinta, dubu talatin da shida sama da abin da Digambar ya bari ranar da ya faɗi.

Kafin bikin fitilu na Diwali kasuwa ta rufta yadda tsofaffi ma suka ce ba su taɓa gani ba. Da ta bar kuɗin, da a watan Maris dubu ɗari biyar da sittin za a tarar, wato dubu uku da ɗari biyu da saba'in a wata, wato ɗakin alkama. Tukunyar gwamnati kuwa ta yi ta rarrafe har dubu ɗari takwas da ashirin da takwas. A Afrilu aka yanka mata dubu huɗu da ɗari takwas da talatin kowane wata. Ɗari biyu da talatin sama da buƙatarta. Ta kira mai gyara ya canza wa famfon roba, rupi goma sha biyu. Hankakan taga ya daina zuwa, ba ta san ranar da ya daina ba, kuma wannan ya fi zuwansa damunta.

Wata goma sha huɗu Sopan bai taka matakalarta ba. In sun haɗu a kasuwar kayan miya sai ya ce ba shi aka yi wa laifi ba, ya wuce. A Disambar 2009 ya hau da jarida a hammata, ya shimfiɗa shafi na tara a kan tabarma. Kasuwa ta ninka daga inda ta faɗi. Bai iya lissafin ba, ita ta yi masa: miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin, wato dubu shida da ɗari bakwai a wata.

"Wata takwas kacal, Vahini."

"Afrilu bai jira ni ba, Bhauji."

Ya ce ya tambaya, an ce ana iya ɗage ranar nunar asusu. Da ta ɗage shekara guda, ta yi shekarar a Jalgaon, da ta dawo da alkawarinta cikakke da kuɗinta cikakku. Kusum ba ta musa ba. Gaskiya ne, kuma ta riga shi sani. Ba ta dai san a watan Oktoba cewa wata takwas ne ba, ba shekara takwas ba. Ta zuba masa shayi, ya sha, daga ranar ya dawo da zuwa.

A shafukan da suka rage a littafi na shida ta ja layi a tsakiya. Hagu, abin da ke shigo mata, wanda ba ya ƙaruwa. Dama, abin da zai shigo da ta riƙe magana. Haya ta tashi sau uku tun daga lokacin, albasa ma da ubanta ya noma ta zama abin lissafi, don haka takan bi gidaje da safe tana yi wa jarirai wanka da tausa, rupi ɗari kowane gida, gida uku in gwiwa ta yarda. Da wannan take cike giɓin. Mrunal ta ce Guruji ya ce akwai addu'ar warware alkawari, a murɗa hankakan ciyawa a taɓa curi da shi, magana ta ƙare. Kusum ta ce hankakan ciyawa ai duk abin da mai riƙe da shi ya ce shi zai ce.

Shekarar farko bayan sa hannun ta hau rufi da niyyar tsayawa kamar kowa. Ta ajiye ganyen, ta juya don ta dafa katanga saboda gwiwa, sai ta ji saukar fikafikai a bayanta, kusa ƙwarai, irin iskar nan ta bakin kogi. Wuyanta ya ƙi juyawa. Ta sauko matakala goma sha huɗu tana ƙirgawa. Bayan awa guda ta koma ta tarar da ganyen fes, ko ƙwayar shinkafa babu. Amma gidan Jadhav na da kyanwa biyu, kuma kurege na hawa ta bishiyar da ke jingine da katanga.

Sau shida ke nan ana haka. Bara jikanta, mai sunan marigayin, ya ce zai laɓe bayan tankin ruwa ya gano mata ko wane ne ke ci. Ta riƙe masa hannu gam har sai da ya ce tana ji masa ciwo, suka sauko tare.